DOKA DA CINIKIN WAYA: LABARIN KAMFANIN NITEL

A zangon da ya wuce, sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, an ba ni aji shida a wata makarantar firamare. Ran nan ina koya wa yara darasi a kan hanyoyin aika saƙo, tun daga manzo mai tafiya da ƙafa har zuwa wayar hannu, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, na wane ne gidan nan na hanyar tasha, mai doguwar hasumiyar ƙarfe, wanda aka rubuta NITEL a jikinsa? Kullum a rufe ya ke." Na ce masa kamfanin waya ne na Gwamnati, amma ya daɗe da mutuwa. Ya ce, "To, Malam, ga shi kowa yana sayen kati kullum, yaya aka yi mai sayar da waya ya mutu?" Yara suka yi dariya, ni ma na yi, amma a zuciyata na san ba ni da amsa.

Da na komo kwaleji sai na shiga bin diddigin maganar. Abin da na samu shi ne na ga ya kamata in rubuta a wannan mujalla tamu, don na tabbata gobe ko jibi wani daga cikinmu zai gamu da irin wannan tambaya. Amsar a taƙaice ita ce, ba a gane tashin kamfanin nan da faɗuwarsa sai an duba dokokin da ya yi aiki a ƙarƙashinsu. Doka ce ta kafa shi, ita ta tsare masa kasuwa shekara da shekaru, ita ce kuma daga baya ta buɗe kasuwar ga waɗansu alhali kuwa shi ƙafafunsa suna ɗaure.

ME YA SA DOKA TA KE SHIGA SHA'ANIN WAYA?

Mai sayar da gyaɗa ba ya bukatar dogon izni kafin ya kasa kayansa. Amma cinikin waya dabam ya ke, saboda dalilai uku.

Na ɗaya, waya tana bukatar hanya. Ko a kafa falwaya a bakin titi, ko a haƙa rami a binne igiya daga wannan gari zuwa wancan, duk a ƙasar jama'a za a bi, ƙasar jama'a kuwa ba a taɓa ta sai da yardar hukuma.

Na biyu, wayar da ba ta da igiya a cikin iska ta ke tafiya. Kowa ya san yadda kowace tashar rediyo ta ke da mitar da a ke kama ta. Da tasha biyu za su hau mita ɗaya, da ba abin da za a ji sai hayaniya. Haka wayar hannu ta ke. Mitocin nan kuwa ƙidayayyu ne, ba su isa kowa ya ɗiba yadda ya ga dama, saboda haka tilas a sami mai rabawa.

Na uku, waya ba ta da amfani sai ta kai ga wanda ka ke nema. In kamfani biyu suna aiki a gari ɗaya, amma mai layin wannan ba ya iya kiran mai layin wancan, to, an cuci mutanen garin. Babban kamfani kuwa ba shi da sha'awar buɗe wa ƙarami ƙofa, sai an tilasta masa.

Watau ke nan, hanyar da kamfanin waya zai bi, da iskar da zai yi aiki da ita, da abokan cinikin da zai iya kaiwa gare su, duk doka ce ke yanka masa. A riƙe wannan, don shi ne tushen duk labarin da zai biyo.

ZAMANIN GIDAN WAYA

A shekarar 1886 aka haɗa Ikko da London da igiyar waya ta ƙarƙashin teku. Turawan mulki ba don ciniki suka kawo waya ba, sun kawo ta ne don Gwamna ya riƙa jin labarin jami'ansa, su kuma su riƙa jin umurninsa. Saboda haka aka sa ta a hannun wani sashe na Gwamnati, wanda ya haɗa aikin wasiƙu da na waya, shi ne a ke kira P&T. Daga nan ne ma muka sami sunan nan "gidan waya" da mu ke kiran ofishin wasiƙu da shi har yau.

Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, layukan tarho na ƙasar duka ba su kai 19,000 ba, mutane kuwa wajen miliyan 40. Bayan mulkin kai aka kafa wani kamfani mai suna NET don ya kula da wayar ƙasashen waje, P&T kuma ya ci gaba da riƙe ta cikin gida.

Ku lura da matsayin P&T a wurin doka. Ba kamfani ba ne, sashen ma'aikata ne. Kuɗin da ya tara baitulmali su ke shiga. In yana son sabon inji sai ya jira kasafin kuɗin shekara, ya yi layi tare da asibitoci da makarantu da hanyoyi. Ma'aikatansa ma'aikatan Gwamnati ne, albashin mutum ɗaya ne ko ya gyara layi goma a yini ko bai gyara ko ɗaya ba. Kuma doka ba ta yarda wani ya yi wannan sana'a ba sai Gwamnati.

AN KAFA NITEL

A watan Janairu na 1985 Gwamnatin soja ta raba wasiƙu da waya. Aikin wasiƙu ya koma hannun NIPOST, sashen waya na P&T kuma aka gama shi da NET, aka sami kamfani guda, shi ne NITEL. Nufin Gwamnati shi ne a riƙa tafiyar da waya kamar ciniki, ta ci da kanta.

Doka ta ba sabon kamfanin babbar gata, watau ba shi da kishiya. Wanda duk ke son tarho a Nijeriya, ko mutum ne, ko banki, ko jarida, sai ya zo wurinsa. In ka dubi wannan sai ka ce ai kamfanin nan ba shi da sauran damuwa. Amma gatar nan ta zo da igiyoyi.

Igiya ta ɗaya, Gwamnati ce mai kamfanin, ita ke naɗa shugabanninsa, ita ke tuɓe su. In an sake Gwamnati ko Minista, sau da yawa a kan sake shugabanni, kowane sabon shugaba kuwa da nasa shiri.

Ta biyu, kamfanin ba shi da ikon yanka kuɗin kira yadda ciniki ya nuna, sai da yardar Gwamnati. Injunansa kuwa daga ƙasashen waje a ke sayo su da kuɗin waje, ga shi darajar naira ta yi ta faɗuwa tun daga 1986.

Ta uku, manyan masu cin bashinsa su ne ma'aikatun Gwamnati da kansu. Yaya yaron gida zai yanke wa maigidansa waya don bai biya ba?

Ta huɗu, wadda ta fi duka, ba wanda ke duba aikinsa daga waje. Ma'aikatar da ke riƙe da kamfanin ita ce kuma mai sa masa ido. Mu da mu ke koyon aikin malanta mun san abin da zai faru in aka bar yaro ya rubuta jarrabawa, sa'an nan aka miƙa masa jan biro ya duba takardarsa da kansa. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Sakamakon haka, har zuwa 1999 layukan da ke aiki a ƙasar nan wajen 400,000 ne kawai, alhali mutane sun haura miliyan 100. Mai neman layi ya kan yi watanni ko shekaru yana jira. Ba a rasa gwanayen injiniyoyi a kamfanin ba, amma tsarin da su ke aiki a ciki ba ya saka wa mai ƙoƙari, ba ya kuma hukunta mai sakaci.

AN FARA BUƊE ƘOFA

A 1992 aka yi dokar soja mai lamba 75, wadda ta kafa Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC. Wannan ne karo na farko da aka sami alƙali dabam da ɗan wasa. Dokar ta ba hukumar ikon ba 'yan kasuwa lasisin yin waɗansu ayyukan waya. Amma manyan layukan da ke haɗa gari da gari, da ƙofar fita ƙasashen waje, an bar su a hannun NITEL. Ƙananan kamfanonin da suka soma aiki a Ikko wajen ƙarshen shekarun 1990 tilas ta cikinsa su ke bi. Ƙofar dai an buɗe ta, amma kaɗan, kuma makullin yana aljihunsa. A 1996 kuma aka kafa M-Tel don ya riƙe wayar hannu ta Gwamnati.

Babban canji ya zo bayan komawa mulkin farar hula a 1999. A watan Janairu na 2001, NCC, a ƙarƙashin shugabancin Injiniya Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin wayar hannu irin ta GSM a bainar jama'a. Farashi ya tsaya a kan dala miliyan 285 kowane lasisi. Kamfanoni uku suka ci gwanjon, ɗaya bai cika sharaɗin biya a kan lokaci ba, ya rasa nasa, saura MTN da Econet. Aka keɓe wa NITEL lasisi guda ba tare da ya shiga gwanjo ba, bisa sharaɗin a biya daidai abin da sauran suka biya. A watan Agusta na wannan shekara sababbin kamfanonin suka fara aiki. A 2002 kuma aka ba Globacom lasisin zama kamfanin ƙasa na biyu a kan dala miliyan 200, watau an ba shi iznin shimfiɗa manyan layuka da fita ƙasashen waje kamar NITEL. Da wannan gatar rashin kishiya ta ƙare.

Jama'a sun ga amfanin gasa nan da nan. Da farko kiran minti ɗaya naira 50 ne, ko da mutum ya yi magana ta daƙiƙa biyar sai a caje shi kuɗin minti cikakke. Da Globacom ya fara aiki a 2003 ya zo da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, sai sauran ma suka bi.

DOKAR 2003

A 2003 Majalisar Tarayya ta yi sabuwar Dokar Sadarwa, wadda ta maye gurbin ta 1992. Ya kamata kowane malami ya san manyan abubuwan da ta ƙunsa.

Ta raba aiki: Minista shi ke tsara manufa, NCC ita ke ba da lasisi, ta raba mitocin da kamfanonin waya ke aiki da su, ta kuma hukunta mai laifi.

Ta wajabta wa kowane mai lasisi ya haɗa layinsa da na ɗan'uwansa in an nema. In ka kira mai layin wani kamfani, kamfaninka zai biya wancan wani abu, ladan isar da kiran.

Ta hana kamfani sa kuɗin kira ba tare da yardar hukuma ba, ta kuma ba hukuma ikon taka wa wanda ya fi ƙarfi a kasuwa birki, kada ya danne ƙanana.

Ta kafa wani asusu na kai waya ƙauyuka da wuraren da ɗan kasuwa ba zai je don kansa ba, saboda ba riba.

To, yaya wannan doka ta shafi cinikin NITEL? Ta mai da shi mai lasisi kamar kowa. Mu ɗauki maganar haɗa layi. Da can ƙananan kamfanoni ke roƙonsa ya haɗa su. Amma da masu wayar hannu suka yi yawa, sai ya zama masu tarhon NITEL kullum suna kiran layukan sababbin kamfanoni, kowane kira kuwa bashi ne a kansa. Ga shi shi ba ya iya karɓo kuɗinsa daga manyan masu cin bashinsa, ga shi doka ta ce ya biya abokan gasarsa. Bashi ya yi ta taruwa. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake, amma shi mai rawan nan ba a kwance masa ƙafa ba.

NEMAN MAI SAYE

Akwai wata doka kuma ta 1999, wadda ta ba da ikon sayar da kamfanonin Gwamnati ga 'yan kasuwa, ta kafa ofishin BPE don ya yi wannan aiki. NITEL yana cikin waɗanda aka sa a kasuwa. Ga yadda abin ya gudana.

A 2001 wani kamfani mai suna IILL ya taya kashi 51 cikin 100 a kan dala biliyan 1.317. Ya biya kafin alƙalami, amma ya kasa cika sauran, ciniki ya watse a 2002.

A 2003 aka ɗauko kamfanin Pentascope na ƙasar Holan don ya tafiyar da shi. A wannan tsakani kamfanin ya tashi daga riba ya koma hasara, aka soke yarjejeniyar a 2005.

A ƙarshen 2005 kamfanin Orascom na Masar ya taya dala miliyan 256.5, Gwamnati ta ce albarka.

A 2006 aka sayar wa Transcorp kashi 51 cikin 100 a kan dala miliyan 500. A 2009 Gwamnati ta soke cinikin, ta karɓe kamfanin.

A 2010 wata ƙungiyar 'yan kasuwa mai suna New Generation ta taya dala biliyan 2.5, ita ma ba ta biya ba.

Daga ƙarshe aka bi hanyar rushe kamfanin, a sayar da kayansa a rage bashi. A watan Disamba na 2014 kamfanin NATCOM ya ci gwanjon kayan NITEL da M-Tel a kan dala miliyan 252 da 'yan kai, aka miƙa masa a 2015, ya fara aiki da sunan ntel a 2016.

Ku dubi lissafin nan da kyau. A 2001 an taya rabin kamfanin da ɗan ɗori fiye da dala biliyan ɗaya. Bayan shekara 13 an sayar da kayansa a kan abin da bai kai kuɗin lasisin GSM guda ɗaya na 2001 ba. Dalili kuwa a fili ya ke. Saniyar da aka kai kasuwa ba mai ƙara mata dusa. Duk shekarun nan da kamfanin ya yi yana jiran mai saye, da wuya a sami mai ba shi babban rance, da wuya shugabanninsa su yi shirin shekara biyar, tun da ba su san ko za su kai baɗi ba. Abokan gasarsa kuwa suna ta kafa dubban hasumiyoyi a birni da ƙauye. A 2012 layukan waya masu aiki a Nijeriya sun haura miliyan 100, kusan dukansu a hannun waɗansu.

Ko gata ta ƙarshe da ta rage masa ma ba ta daɗe ba. Tun 2002 shi ke riƙe da rabon Nijeriya a igiyar ƙarƙashin teku mai suna SAT-3, wadda yawancin intanet na ƙasar ke bi ta cikinta. A 2010 igiyoyin MainOne da Glo-1 suka fara aiki a Ikko, wannan ciniki ma ya sami masu raba shi. A 2013 da NCC ta tashi bayyana kamfanin da ya fi ƙarfi a kasuwar kiran wayar hannu, don ta ɗora masa ƙarin sharuɗɗa, MTN ta ambata.

Kada mu manta akwai mutane a cikin wannan lissafi. Dubban ma'aikata sun yi watanni ba albashi, waɗanda aka sallama kuma sun yi shekaru suna bin haƙƙinsu na fansho. Dukiyar da ta lalace kuwa ta jama'a ce, da kuɗin ƙasa aka tara ta.

ABIN DA ZA MU KOYA

Ba na cewa doka kaɗai ce ta kashe NITEL. Akwai sakaci, akwai rashin kyakkyawan riƙo, akwai cinikin da aka ƙulla da waɗanda ba su da kuɗin biya. Ba na kuma cewa buɗe kasuwa kuskure ne, gama wayar da ke aljihun kowannenmu shaida ce a kan amfaninsa. Abin da na ke so mu gane abu uku ne.

Na farko, dokar da ta tsare kamfani daga gasa, amma ba ta sa wanda zai tambaye shi aikinsa ba, raunana shi ta ke yi, ko da ya ke a ido kamar gata ce.

Na biyu, jerin aiki yana da muhimmanci. An saki abokan gasa a 2001 tun ba a gama shawarar abin da za a yi da kamfanin ƙasa ba. Da an warware bashinsa da maganar mai shi tun kafin a buɗe fili, watakila da labarin ya sake. A ƙasar Ingila, alal misali, a shekara guda, watau 1984, aka kafa hukumar sa ido, aka kuma sayar wa jama'a fiye da rabin hannun jarin kamfanin wayarsu, ba a bar shi yana rataye ba.

Na uku, doka ba ta aiki sai da masu riƙe ta da gaskiya. Gwanjon 2001 ya yi kyau domin an yi shi a fili, kowa ya san sharaɗi, wanda bai cika ba ya rasa. Takarda ɗaya ce za ta iya zama alheri a hannun wani, ta zama banza a hannun wani.

'Yan'uwana ɗalibai, nan gaba kaɗan za a ba mu azuzuwa, a ce mu koyar da zaman jama'a da sha'anin mulki. Kada mu bar yara su ɗauka doka abin kotu ne da 'yan sanda kawai. Mu nuna musu tana cikin kuɗin katin da iyayensu ke saye, tana cikin dalilin da ya sa wani ƙauye ke da sabis wani ba shi da shi. A cikin yaran nan ne za a sami waɗanda za su rubuta dokokin gobe.

Ni dai na yi alkawari, in Allah ya kai mu zango mai zuwa, zan koma makarantar nan in nemi yaron da ya yi mini tambaya, in ba shi amsar da na kasa ba shi ran nan.